Ƙwarewar Rukuni a Tafiyar Wata: Nazarin Ayyukan 'Yan Sama-Jannati Tara na Shekarar 1962

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin ayyukan 'yan sama-jannati tara da hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, wato NASA, ta ɗauka a shekarar 1962. Matsayar da take karewa ita ce, saukar ɗan Adam a duniyar wata ta samu ne daga ƙwarewar da aka tara a cikin rukuni guda, ana miƙa ta daga wannan tafiya zuwa waccan. An kafa hujja da abubuwa uku: rabon fannoni a tsakanin mutanen tara, jerin tafiye-tafiyen Gemini, da tsarin karɓa-karɓa na jagorancin Apollo. Daga nan aka amsa suka uku da ake iya yi wa wannan fahimta.

1.0 Gabatarwa

Ranar 25 ga Mayu, 1961, Shugaba John F. Kennedy ya tsaya gaban majalisar dokokin Amurka ya ɗaukar wa ƙasarsa alƙawarin kai mutum duniyar wata da dawo da shi lafiya kafin 1970. A ranar da ya yi wannan magana, duk zaman da Ba'amurke ya taɓa yi a cikin kumbo mai tafiya kimanin minti 15 ne kacal, wato tashin da Alan Shepard ya yi ranar 5 ga watan, wanda ko kewaya duniya bai yi ba. Tarayyar Sobiyet kuwa ta riga ta aika Yuri Gagarin ya kewayo duniya tun 12 ga Afrilu. Mutum bakwai na shirin Mercury da aka ɗauka a 1959 ba za su isa wannan aiki ba, don haka ranar 17 ga Satumba, 1962, aka gabatar da sababbi tara a birnin Houston: Neil Armstrong da Frank Borman da Pete Conrad da Jim Lovell da James McDivitt da Elliot See da Tom Stafford da Ed White da John Young. Huɗu sun fito daga sojan sama, uku daga sojan ruwa, Armstrong da See kuma farar hula ne. Dukkansu matuƙan gwajin sababbin jiragen sama ne, dukkansu kuma suna da digiri.

Littattafan makaranta da shirye-shiryen tunawa sun saba taƙaita wannan tarihi a kan suna ɗaya da rana ɗaya: Armstrong, 20 ga Yuli, 1969. Wannan taƙaitawa tana ɓoye ainihin yadda aikin ya yiwu. Wanda ya bi rayuwar aikin mutanen tara a jere zai ga kowace tafiya tana warware matsalar da ta gabace ta ta bari, kuma wanda ya gamu da matsalar yakan zauna ofis ɗaya da wanda zai warware ta. Abin da ya cancanci a ɗora nazari a kansa shi ne rukunin.

2.0 Rabon Fannoni

Hujja ta farko tana nan tun kafin ɗayansu ya tashi. Deke Slayton, ɗaya daga cikin bakwai na Mercury, wanda aka hana tashi saboda matsalar bugun zuciya, shi ne ya zama mai kula da 'yan sama-jannati, kuma ya raba wa sababbin fannonin da kowa zai sa wa ido a madadin sauran. Armstrong ya karɓi na'urorin atisaye, Borman rokoki, Conrad tsarin ɗakin tuƙi, Lovell hanyoyin dawowa da ceto, McDivitt na'urorin saita hanya, See lantarki da tsara tafiya, Stafford sadarwa, White na'urorin sarrafa kumbo, Young kuma rigar sama-jannati da kayan tsira. Kowa yana zuwa masana'antun da ake ƙera kayan fanninsa, ya zauna da injiniyoyi, ya dawo ya yi wa 'yan'uwansa bayani. Ma'anar wannan tsari ita ce, babu wanda ya san kumbon gaba ɗaya shi kaɗai, amma rukunin ya san shi. Kuma tun da mai duba rigar ya san watarana shi ko abokinsa zai sa ta, duban da yake yi ya bambanta da na wanda zai sa hannu a takarda ya koma gida.

3.0 Gemini a Matsayin Makaranta

Hujja ta biyu ita ce shirin Gemini, mai kumbon mutum biyu, wanda ya yi tafiya goma ɗauke da mutane tsakanin Maris na 1965 da Nuwamba na 1966. Babu tafiya ɗaya daga cikin goman da ba ta ɗauki ɗan rukunin 1962 ba. Daga kujeru 20, su suka zauna a 12, kuma su suka jagoranci bakwai daga cikin tafiye-tafiyen. Zuwa wata yana buƙatar abubuwa huɗu da Amurka ba ta taɓa yi ba: daɗewa a sararin samaniya har fiye da mako guda, cim ma wani kumbo a falaki, haɗewa da shi, da yin aiki a wajen kumbo. Kowanne an koye shi da wahala, kuma a bainar jama'a.

Batun cim ma wani kumbo shi ya fi nuna yadda ilimin ya riƙa gudana. A Gemini 4, cikin Yunin 1965, McDivitt ya yi ƙoƙarin matsawa kusa da ɓangaren rokar da ta kai su, ya yi abin da kowane matuƙin jirgi zai yi, wato ya saita hanci wajen abin ya ƙara wuta. Sai abin ya riƙa yi masa nisa, mai kuma yana ƙarewa. Dalili shi ne, a falaki ƙara wuta gaba yana ɗaga kumbo zuwa kewaye mafi nisa daga ƙasa, inda zagaye ɗaya ya fi cin lokaci, don haka mai bi sai ya ƙara zama a baya. Wanda ke son ya riski na gabansa sai ya sauko ƙasa-ƙasa, ya yi zagaye mai gajarta, sannan ya hau. Masana lissafin hukumar sun san wannan a takarda, amma gazawar McDivitt ce ta nuna cewa dole ya shiga hannun matuƙa. Wata shida bayan haka, ranar 15 ga Disamba, Wally Schirra da Stafford a Gemini 6A suka matso har kimanin santimita 30 da Gemini 7, inda Borman da Lovell ke cikin zaman da ya kusan kai kwana 14. Cikin Maris na 1966, a Gemini 8, Armstrong ya haɗe kumbonsa da rokar Agena, karo na farko a tarihi. Cikin Yuli Young ya yi amfani da injin Agena ya hau falaki mai nisa. Cikin Satumba Conrad ya haɗe da Agena tun a zagayen farko, irin saurin da mai tasowa daga wata zai buƙata, ya kuma kai nisan fiye da kilomita 1,300 daga ƙasa. Daga gazawar farko zuwa wannan gwaninta wata 15 ne kacal.

Aiki a wajen kumbo ya bi hanya mai kama da wannan, sai dai ya fara da nasara mai ruɗarwa. Fitar da White ya yi ta kimanin minti 20 a Gemini 4 ta zo da sauƙi, domin yawo kawai ya yi, ba a ɗora masa aiki ba. Da aka ɗora wa Eugene Cernan aiki a Gemini 9A, ƙarƙashin jagorancin Stafford, sai ya galabaita, gilashin hularsa ya rufe da tururi, ya dawo ciki da ƙyar. Richard Gordon ma ya sha irin wannan wahala a gaban idon Conrad. Rahotannin waɗannan tafiye-tafiye ne suka sa aka koma atisaye a ƙarƙashin ruwa, aka kuma kakkafa wuraren riƙo da na sa ƙafa a jikin kumbo. A Gemini 12, da Lovell ya jagoranta, Buzz Aldrin ya yi fiye da awa biyar a fita uku ba tare da galabaita ba.

4.0 Karɓa-Karɓa da Jagorancin Apollo

Hujja ta uku ita ce tsarin da Slayton ya bi wajen rabon kujeru. Kowace tawaga tana da tawagar ko-ta-kwana da ke yin atisaye iri ɗaya da ita, kuma a al'ada 'yan ko-ta-kwana su ke tashi a tafiya ta uku bayan wannan. Sabon shiga yakan zauna a kujerar dama kusa da wanda ya riga shi, kamar yaron maƙera da ke fara riƙe zugazugi kafin a ba shi guduma. Young ya koya a gefen Gus Grissom, Conrad a gefen Gordon Cooper, Stafford a gefen Schirra, Lovell a gefen Borman. Daga baya su kuma suka ɗauki 'yan rukunin 1963 a gefensu: Michael Collins da Gordon da Cernan da Aldrin. Tsarin ya nuna amfaninsa a rana mafi muni. Ranar 28 ga Fabrairu, 1966, See da Charles Bassett suka rasu lokacin da jirginsu na atisaye ya daki ginin kamfanin McDonnell a St. Louis, inda ake haɗa kumbon da za su tuƙa. Stafford da Cernan, 'yan ko-ta-kwanansu, suka tashi da Gemini 9A cikin Yuni.

Sakamakon wannan tarbiyya ya bayyana a Apollo. Tafiye-tafiye shida a jere, daga Apollo 8 zuwa Apollo 13, 'yan rukunin 1962 ne suka jagorance su, kowa kuma ya cike gurbi guda. Borman da Lovell, tare da William Anders, suka kewaya wata sau goma cikin Disambar 1968. McDivitt ya gwada ƙaramin kumbon sauka a falakin duniya cikin Maris na 1969. Stafford ya sauko da shi har kimanin kilomita 15 daga doron wata cikin Mayu, Young na jiransa a babban kumbo. Abin da ya rage wa Armstrong shi ne waɗannan kilomitoci na ƙarshe, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Amma yadda kujerar ta faɗo masa abin lura ne. Asali tawagar McDivitt ce za ta riga ta Borman tashi. Da ƙera kumbon sauka ya yi jinkiri sai aka musanya tafiye-tafiyen biyu, 'yan ko-ta-kwanansu ma suka musanya. Armstrong, da ke bayan Borman, ya faɗa layin Apollo 11. Conrad, da ke bayan McDivitt, ya koma Apollo 12. Da ba a yi musanyar ba, bisa al'adar karɓa-karɓa Conrad ne ke kan layi. Hukumar ta shirya mutane da dama da kowannensu zai iya saukar farko.

Tafiye-tafiyen da suka biyo baya sun ƙara tabbatar da haka. Armstrong ya sauka kilomitoci da dama gaba da inda aka nufa. Conrad kuwa, cikin Nuwambar 1969, ya sauka ƙasa da mita 200 daga na'urar Surveyor 3 da ke wurin tun 1967, wannan daidaito kuma shi ya ba da damar zuwa wurare masu tsaunuka, kamar yankin Descartes da Young ya sauka a 1972. A Apollo 13, cikin Afrilun 1970, da tankin oksijin ya fashe, Lovell da abokansa sun tsira ne a cikin kumbon sauka, suka yi amfani da injinsa wajen tura kumbunan biyu a haɗe zuwa gida. Kunna wannan inji alhali kumbunan na haɗe abu ne da McDivitt ya riga ya gwada a Apollo 9, kuma a lokacin hatsarin McDivitt ɗin ne manajan shirin kumbon Apollo a Houston. Ƙwarewar ta ci gaba bayan wata. Conrad ya jagoranci gyaran tashar Skylab da ta lalace wajen harbawa a 1973. Stafford ya haɗe Apollo da kumbon Soyuz na Alexei Leonov cikin Yulin 1975. Young ya tuƙa jirgin Columbia a tashinsa na farko ranar 12 ga Afrilu, 1981, ya yi tafiya shida a rayuwarsa, bai bar hukumar ba sai a 2004.

5.0 Suka da Amsoshinsu

Suka ta farko ita ce, 'yan sama-jannati fasinjoji ne kawai, aikin na injiniyoyi ne da masu kula daga ƙasa. Akwai gaskiya mai yawa a nan. Mutum kusan 400,000 ne suka yi wa shirin Apollo aiki, kuma tun zamanin Mercury kumbo ba ya kewaya duniya sai da jerin tashoshin bin sawu, waɗanda ɗaya daga cikinsu ta kasance a Kano, wata a Zanzibar. Sai dai tashoshin ba su rufe dukkan falaki ba, kuma akwai lokutan da babu wanda zai yanke hukunci sai na cikin kumbo. Matsalar Gemini 8 ta fara ne a inda babu tashar da ke jin su. Wani ƙaramin inji ya maƙale yana wuta, kumbon ya riƙa juyawa har kusan sau ɗaya a daƙiƙa, Armstrong da David Scott na dab da suma. Armstrong ya kashe injunan tuƙi duka, ya kunna na dawowa gida ya tsayar da juyin, ko da yake ya san hakan zai datse tafiyar. A Apollo 11 ma kwamfuta tana kai su bakin wani rami mai manyan duwatsu, sai ya karɓi tuƙi ya nemi fili. Ban da haka, sukar ta raba abin da ba a raba ba. Mutanen tara suna cikin injiniyoyin. Bayan gobarar Apollo 1, Borman ya zauna a kwamitin bincike, sannan ya tare a masana'antar North American a Kalifoniya yana sa ido kan sake fasalin kumbon.

Suka ta biyu ita ce, roka da kuɗi ne suka raba gardama: rokar Saturn V ta yi aiki, rokar N1 ta Sobiyet kuwa ta gaza sau huɗu tsakanin 1969 da 1972. Babu mai musun cewa ba a zuwa wata sai da roka. Amma a duba tazarar lokaci. Saturn V ta fara tashi cikin Nuwambar 1967, ta fara ɗaukar mutane cikin Disambar 1968, wata bakwai bayan nan aka sauka a wata. Wannan sauri ya yiwu ne domin rokar ta iske matuƙa da masu kula daga ƙasa sun riga sun iya duk abin da za a yi da ita. A ɗaya ɓangaren, daga fitar Leonov wajen kumbo cikin Maris na 1965 har zuwa Afrilun 1967, Tarayyar Sobiyet ba ta aika mutum ko ɗaya sararin samaniya ba, wato duk tsawon shirin Gemini. Ɗan sama-jannatinta bai haɗe kumbonsa da wani ba sai Janairun 1969. Ko da N1 ta tashi lafiya, da akwai sauran karatu mai yawa a gabanta.

Suka ta uku ita ce mafi nauyi: rukunin ƙuntatacce ne, kuma ƙwarewarsa ba ta hana asarar rai ba. Dukkan tara maza ne farar fata. Sharaɗin zama matuƙin gwaji ya gaji wariyar da ke cikin rundunar soja, wadda ba ta ba mata tuƙin jiragen yaƙi. Jerrie Cobb ta kai ƙorafi gaban kwamitin majalisa cikin Yulin 1962, ba a canza komai ba, Valentina Tereshkova kuma ta tashi daga Sobiyet a 1963, shekara 20 kafin Sally Ride. Ed Dwight, baƙar fata matuƙin sojan sama da ya halarci makarantar matuƙan gwaji, ba a ɗauke shi a 1963 ba. Masanin kimiyya ɗaya tak, Harrison Schmitt, ya taka wata, shi ma a tafiyar ƙarshe. Sannan ranar 27 ga Janairu, 1967, White ya rasu tare da Grissom da Roger Chaffee a gobarar da ta tashi cikin kumbon Apollo 1 a wurin gwaji, kumbon da aka cika da zallar oksijin, ƙofarsa kuma ciki take buɗewa. Mutanen da suka saba da hatsari sun zauna da wannan hatsari ba su tsayar da aiki ba. Wannan maƙala ta karɓi sukar yadda take, domin sabo da juna yakan sa jama'a su yi makanta iri ɗaya. Abin da sukar ba ta rushe ba shi ne tushen hujjar. Rabon fannoni, da hawa mataki-mataki, da zaunar da sabo kusa da tsoho, babu ɗayansu da ya dogara da jinsi ko launi. Rukunin 1978, mai mutum 35 da suka haɗa da mata shida da baƙaƙen fata uku, ya shigo lokacin da Young ke shugabantar ofishin 'yan sama-jannati, aka raba musu fannoni kamar yadda aka raba wa na 1962. Gyaran da aka yi bayan gobarar, wato ƙofa mai buɗewa waje cikin daƙiƙoƙi da cakuɗa oksijin da naitirojin a wurin harbawa, shi ma ya bi hanyar nan ta mayar da kuskure darasin kowa. An dai biya shi da rayuka uku.

6.0 Kammalawa

Daga cikin mutanen tara, biyu sun rasu a bakin aiki, uku sun taka wata, uku sun kewaya ta ba su sauka ba, McDivitt kuma bai je ba sam, amma kumbon da ya gwada shi ya saukar da wasu, ya ceci wasu. Idan aka auna su da ma'aunin wanda ya fara, takwas daga cikinsu sun zama 'yan rakiya, kuma wannan hukunci ya saɓa wa abin da jerin tafiye-tafiyen ya nuna. Mai nazarin tarihin kimiyya da fasaha zai fi samun amsa idan ya tambayi yadda hukuma ta mayar da abin da mutum ɗaya ya koya mallakar sauran, da tsawon lokacin da hakan ya ɗauka, da waɗanda aka bari a waje. A misalin rukunin 1962 amsoshin a bayyane suke: ta rabon fannoni da karɓa-karɓa, cikin ƙasa da shekara bakwai, tare da rufe ƙofa ga mata da baƙaƙen fata da suka cancanta. Duk darasin da za a koyar game da tafiyar wata ya kamata ya ɗauki waɗannan amsoshi uku tare.